'Ya'yan ƙanƙarar Kebek: nazari kan masu juna biyu da bala'in 1998

Ranar 5 ga Janairun 1998 aka fara wani irin ruwan sama a kudancin lardin Kebek na ƙasar Kanada. Ruwa ne sosai yake saukowa, amma da yake iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, duk abin da ɗigon ya taɓa sai ya daskare a kansa nan take, ko reshen bishiya ne, ko rufin gida, ko wayar lantarki. Ya tsagaita ya dawo, ya tsagaita ya dawo, har kusan mako guda. Kafin ya ɗauke, abin da ya sauka ya daskare a wasu wurare ya kai milimita 100, kusan faɗin tafin hannun babban mutum. Nauyin ya fi ƙarfin wayoyi. Manyan hasumiyoyin ƙarfe kimanin 1,000 masu ɗauke da layukan wuta suka durƙushe, falwayoyin katako wajen 30,000 suka kakkarye, mutum kusan miliyan 3 a lardin suka shiga duhu.

Wanda ya saba da ɗauke wuta zai iya cewa ai wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma a Kebek yawancin gidaje da lantarki ake ɗumama su, kuma tsakiyar hunturu ne. Bayan ruwan ya ɗauke sai sanyi ya sauko, a wasu dararen ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. Gidan da babu wuta a irin wannan yanayi ba ya zaunuwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, wasu gidan 'yan'uwa, wasu makarantu da ɗakunan taro da aka mayar mafaka. Waɗanda suka zauna suka koma ga itace da kyandir da janareta, wasu hayaƙin ya kashe su, wasu gobara, wasu sanyin kansa. Gwamnati ta fito da sojoji fiye da 15,000. Inda abin ya fi tsanani shi ne yankin da ke tsakanin garuruwan Saint-Hyacinthe da Granby da Saint-Jean-sur-Richelieu, kudu maso gabas da birnin Montiriyal. A can akwai gidajen da suka yi kwana 45 kafin wuta ta dawo.

A cikin waɗannan mutane akwai mata masu juna biyu. Wata cikinta wata ɗaya, wata ta kusa haihuwa, wata ma ba ta san ta samu ba tukuna.

Suzanne King, malama ce a Jami'ar McGill, mai bincike a asibitin ƙwaƙwalwa na Douglas da ke Montiriyal, ita ma bala'in ya same ta kamar kowa. Ta san tambayar da masana suka daɗe suna fama da ita: shin damuwar uwa tana taɓa ɗan da ke cikinta, kuma ta wace hanya? A kan ɓeraye da birai an riga an ga amsa, domin mai bincike na iya takura wa dabba mai ciki a ranar da ya so ya kuma bi 'ya'yanta. Mutum kuwa ba a yi masa haka. Idan aka ɗauki mata masu yawan damuwa aka ga 'ya'yansu suna da matsala, tambaya ta kan dawo: damuwar ce, ko talaucin da ya haifar da ita? Ko halin fargaba ne yaron ya gada a jini? Ko sigari ne, ko rashin abinci, ko rigimar gidan da yaron ya tashi a ciki bayan an haife shi? Zaren ya sarƙe, ba a gane bakinsa.

Ƙanƙarar ta warware wani ɓangare na wannan sarƙaƙiya. Ba ta zaɓi gida ba. Mai kuɗi da talaka, mai haƙuri da mai saurin firgita, kowa ya sami rabonsa gwargwadon layin wutar da ya ratsa unguwarsu. Sannan an san ranar da abin ya fara, saboda haka ana iya lissafa watannin cikin kowace mace a ranar. A watan Yunin 1998 King da abokan aikinta suka aika da takardun tambayoyi ga mata 1,440 ta hannun likitocin haihuwa na yankin, waɗanda ke da ciki lokacin bala'in ko suka samu cikin wata uku bayansa. Mata 224 suka amsa, 178 suka yarda a ci gaba da bibiyarsu. Daga nan aka bi 'ya'yan nan tun suna jarirai har suka zama samari da 'yanmata.

Abin da ya sa na zaɓi wannan aiki shi ne yadda suka raba damuwa gida biyu, domin a nan duk ma'anar sakamakon take. Na farko, wahalar da ta auku a zahiri, wadda za a iya ƙirgawa: kwana nawa babu wuta, kwana nawa babu wayar tarho, sau nawa aka sauya wurin kwana, mutum nawa aka saukar a gida, me aka yi asara, an ji rauni ko an shiga haɗari. Suka tsara ma'auni mai maki 32, kashi huɗu, kowanne maki 8: barazana, asara, tsawon abin, da sauyin da ya kawo wa rayuwa. Na biyu kuma, yadda abin ya tsaya wa mace a rai: mafarkin abin, faɗuwar gaba in an tuna, gudun duk abin da zai tuna mata. Wannan da wani ma'auni daban aka auna shi, irin wanda ake amfani da shi ga waɗanda suka tsira daga haɗari ko yaƙi. Su biyun ba lallai su tafi tare ba. Akwai wadda ta yi wata guda a duhu amma ta ɗauki abin da sauƙi, akwai wadda kwana uku kawai ta yi amma watanni bayan haka ba ta barci.

Da yaran suka cika shekara 2, David Laplante da sauran abokan aikin suka gwada 58 daga cikinsu da gwajin Bayley, wanda ke duba fahimtar ƙaramin yaro, suka kuma tambayi iyaye kalmomin da yaro ke faɗa da waɗanda yake ganewa. Sakamakon ya fito a 2004. Gwargwadon yawan wahalar da uwa ta sha a zahiri, gwargwadon raguwar makin yaro, musamman in bala'in ya same ta a watanni shida na farkon ciki. Bayan an cire tasirin abubuwa irin su nauyin haihuwa, wahalar uwa kaɗai ta bayyana kusan kashi 11 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yaran a fahimta, kashi 12 a kalmomin da suke furtawa, kashi 17 a kalmomin da suke ganewa. Har a wasa an ga alama. Yaran da iyayensu suka fi shan wuya sun fi tsayawa kan bubbuga kayan wasa da jujjuya su, maimakon amfani da su yadda aka yi su, kamar tura mota ko ba 'yartsana abinci.

Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne, a wannan fanni na fahimta da harshe, ma'aunin tashin hankalin uwa bai nuna wani abin kirki ba. Ƙididdigar kwanakin duhu da asara da ƙaura ce ta yi magana.

A shekara 5 da rabi aka sake gwada yara 89, sakamakon ya fito a 2008. Waɗanda iyayensu suka sha wahala mai tsanani har yanzu suna baya a gwajin basira, musamman ɓangaren harshe. Sai dai an ga wani abu da ya kamata a faɗa: yaran da iyayensu suka sha wahala matsakaiciya sun ɗan fi waɗanda iyayensu suka sha wahala kaɗan. Wato ba kowace girgiza ce ke cutarwa ba. Kuma har waɗanda suka fi raguwa, makinsu na cikin abin da ake ɗauka lafiyayye. Yara ne masu zuwa makaranta kamar kowa. Sai an jera makinsu an yi lissafi ake ganin giɓin.

To ta ina wahalar uwa ke bi ta isa ga tayi, alhali jininsu ba ya haɗuwa kai tsaye?

Hanyar da aka fi nazari ita ce ta sinadarin kotisol. Idan mutum ya shiga matsi, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ga wasu ƙananan sassan jiki da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki kotisol cikin jini, ya ɗaga sukari, ya shirya jiki don fuskantar haɗari. Tayi na buƙatarsa, musamman a ƙarshen ciki, domin shi ke taimaka wa huhu ya nuna. Shi ya sa in likita ya ga haihuwa za ta zo kafin lokaci yake yi wa uwa allurar wani magani ɗan'uwansa don huhun jariri. Matsalar tana ga yawansa da kuma lokacin zuwansa. Allah Ya sanya wa mabiyiya wani sinadari mai aikin mai gadi, masana na kiransa 11β-HSD2, wanda ke kashe kaifin mafi yawan kotisol ɗin uwa kafin ya tsallaka. A 2012 ƙungiyar Vivette Glover a Landan ta duba mabiyiyar matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, ta ga cewa waɗanda suka fi fargaba, mabiyiyarsu ba ta samar da mai gadin nan sosai. Ƙofa ta ɗan buɗe ke nan a daidai lokacin da abin shiga ya yi yawa. Ƙwaƙwalwar tayi kuwa tana tsaka da ginuwa, kuma sassan da ke kula da tunawa da tsoro suna cike da wuraren da kotisol ke kamawa. Akwai wasu hanyoyin: jijiyoyin da ke kai jini mahaifa na iya tsukewa, garkuwar jikin uwa na iya rikicewa, barci da cin abinci su lalace. A Kebek kuma dole a ƙara da sanyin kansa, da hayaƙin itace da na janareta, da abincin gwangwani, da mura a cunkoson mafaka. Duk waɗannan suna cikin abin da ma'aunin nan mai maki 32 ya kama, ko da bai rarrabe su ba.

Sakamakon da ya fi tsaya mini a rai shi ne na zanen yatsa. Layukan da ke kan yatsun mutum suna kammaluwa tun yana ciki, kuma ba sa sauyawa har ya koma ga Mahaliccinsa. Fata da ƙwaƙwalwa kuwa daga shimfiɗa ɗaya suke tsirowa a farkon halittar tayi, shi ya sa masana ke kallon zanen yatsa kamar wani tarihi da aka rubuta aka rufe. A bisa al'ada adadin layukan hannun dama da na hagu sukan yi kusa da juna. A 2009 King ta wallafa cewa yaran da bala'in ya riske su tsakanin mako na 14 da na 22 na ciki, hannayensu biyu sun fi saɓa wa juna in an kwatanta da sauran yaran. Wannan ba ciwo ba ne, ba ya hana yaro komai. Amfaninsa shi ne ba wanda zai ce tarbiyya ce ta jawo shi, ko makaranta, ko halin gidan bayan haihuwa. Abin ya faru ne a ciki, a makonnin da wuta ta ɗauke.

Da yaran suka ƙara girma sai aka koma kan jiki. A shekara 5 da rabi, yawan wahalar uwa ya tafi tare da ƙaruwar haɗarin ƙiba. Da suka kai wajen 13, an ga jikin wasunsu na fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, fiye da kima bayan an ba su ruwan sukari, alamar da likitoci ke sa wa ido saboda ciwon sukari. A wannan shekarun ne kuma aka ɗebi jinin yara 36 aka duba ƙwayoyin garkuwar jikinsu, tare da Moshe Szyf na McGill. Abin da suka nema shi ne wasu ƙananan alamomi na sinadari da ke mannewa a jikin DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. Wanda ya yi karatun allo zai gane misalin: baƙaƙen suna nan yadda suke, amma wasali ne ke sa a karanta kalma haka ko haka. Ƙwayoyin gadon yaran ba su sauya ba, wasullansu ne suka bambanta. A rahoton 2014, an sami wurare 1,675 a kan ƙwayoyin gado 957 inda alamomin suka bi sawun wahalar da uwa ta sha a zahiri shekara 13 da suka wuce, yawancinsu masu alaƙa da garkuwar jiki. A nan ma ma'aunin tashin hankalin uwa bai nuna alaƙa ba.

Ba wai abin da ke ran uwa ba shi da tasiri ba. Ya bayyana a wasu fannonin, kamar ɗabi'ar yaro da yawan fargabarsa, da kuma cutar asma a wajen 'ya'ya mata. Wani babban bincike a yankin Bristol na Ingila, wanda ya bi ciki kusan 14,000 daga 1991 zuwa 1992, ya nuna cewa matan da suka fi kowa fargaba a ƙarshen ciki, haɗarin matsalar ɗabi'a a 'ya'yansu ya kusa ninkawa a shekara 4. Duk da haka yawancin 'ya'yan waɗannan matan lafiyarsu ƙalau.

Aikin Kebek na da rauninsa, kuma masu shi ba su ɓoye ba. Cikin mata 1,440 da aka rubuta wa, ƙasa da ɗaya cikin shida ne suka amsa, kuma waɗanda suka amsa sun fi matsakaicin mutanen yankin ilimi da samu. Yara 58 ko 36 adadi ne kaɗan, kuma in aka auna abubuwa da yawa a kan mutane kaɗan, wani sakamakon na iya zama dace kawai. Ba a kuma auna matan kafin bala'in ba, sai wata biyar bayansa. Ni dai ina ganin waɗannan dalilai ne na yin taka-tsantsan da kowane adadi ɗaya, amma ba su rushe hoton gaba ɗaya ba, domin alama iri ɗaya ta yi ta dawowa shekara da shekaru. Akwai kuma wani abin lura a cikin raunin kansa: waɗannan mata ne masu rufin asiri, a ƙasa mai asibiti kyauta, waɗanda sojoji suka zo ƙofar gidansu. Wahalar ta zo ta wuce cikin makonni. Duk da haka ta bar sawu.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga wannan lamari ya shafi yadda muke magana da mai ciki. Da zarar an ga ranta a ɓace sai a ce, "Ki cire damuwa, ki dubi abin da ke cikinki," ko "Kar ki sa abu a ranki." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, na sani. Amma maganar tana ɗora mata kaya biyu: ga abin da ke damunta, ga kuma tsoron cewa damuwar tata ce za ta cuci ɗanta. Matan Kebek da suka daure, suka ɗauki abin da sanyin rai, daurewar ba ta kare harshen 'ya'yansu daga kwana 30 na duhu ba. Abin da zai kare shi shi ne a rage kwanakin, a sama mata wuri mai ɗumi tun daren farko, kada ta yi ta yawo daga wannan gida zuwa wancan. Wannan kuwa ba a hannunta yake ba. Yana hannun miji da dangi da maƙwabta da hukuma.

King ba ta tsaya a Kebek ba. Da ambaliya ta auka wa jihar Iowa ta Amurka a 2008, aka maimaita binciken, aka ga matan da mazajensu suka tsaya musu ba su faɗa ciwon baƙin ciki kamar sauran ba, ko da wahalar ɗaya ce. Sai kuma ambaliyar Brisbane a ƙasar Ostireliya a Janairun 2011, inda aka yi sa'a ana cikin wani gwaji kan tsarin awo. Wasu matan suna zuwa awo irin na kullum, yau su ga wannan ma'aikaciya gobe waccan. Wasu kuma an haɗa su da ungozoma ɗaya, ko 'yan kaɗan da suka sani, tun farkon ciki har haihuwa har makonni shida na jego, tana zuwa musu gida. A rukunin farko, baƙin ciki da fargabar bayan haihuwa sun ƙaru gwargwadon yadda ambaliya ta taɓa mace. A rukuni na biyu ƙaruwar ba ta kai haka ba, kuma a wata 6 jariransu sun ɗan fi a sarrafa yatsu da warware 'yan matsaloli. Ruwan da ya shiga gidajensu iri ɗaya ne. Bambancin shi ne akwai wadda ta san sunansu, wadda za su kira da dare.

Wannan ya sa nake kallon al'adarmu ta goyon ciki da wani ido. Mace mai cikin fari ta koma gaban mahaifiyarta in ciki ya tsufa, a ɗauke mata girki da ɗiban ruwa, a zauna da ita har ta gama wankan jego. Iyayenmu ba su auna kotisol ba, amma abin da suka tsara ya yi kama da abin da aka gwada a Brisbane: rage wahala ta zahiri, da hannu ɗaya sananne daga farko zuwa ƙarshe. Giɓinsa shi ne yana zuwa a wata na bakwai ko na takwas, alhali a Kebek watannin farko da na tsakiya ne suka fi nuna rauni wajen fahimta da harshe. A lokacin nan kuwa mace tana ɓoye cikin saboda kunya, tana laulayi tana aikinta, sau da yawa ba ta ma fara zuwa awo ba.

Daren 9 wayewar 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, har asibitoci, dubban ɗaruruwan mutane suka kwana a makarantu da sansanoni da gefen titi. A cikinsu akwai masu juna biyu a kowane wata na ciki, da yawansu kuma ba wannan ne gudun hijirarsu na farko ba. 'Ya'yan da ke ciki a wannan dare an haife su tsakanin Satumbar 2024 da Yunin 2025, shekara biyunsu na faɗawa tsakanin Satumbar 2026 da Yunin 2027, daidai shekarun da aka fara ganin giɓin harshe a Kebek. Tambayoyin da King ta aika wa matan can ba sa buƙatar na'ura. Ma'aikaciyar da ke riƙe da katin rigakafi za ta iya yi wa uwa su cikin minti biyu: "Cikin wata nawa ne lokacin da ruwa ya shigo? Kwana nawa kika yi kafin ki koma gida? Wuri nawa kika kwana? Kalma nawa yake faɗa yanzu?"